Fadamar Jalo

Duk wanda ya ce muku mutanen Kwarin Marke matsorata ne, ku ce da shi bai san su ba. Su dai ba sa ce wa mai rawani a'a a kan idonsa, iyakar laifinsu ke nan. Ƙauye ne can tsakanin Gwarzo da Kabo, ɗan nesa da titi, kuma arzikinsa ɗaya ne tal: fadamar da ke bayan gari, inda ruwa ba ya nisa ko da tsakiyar rani. A cikin fadamar nan akwai yankin Jalo, mijin Asiya, kuma a kan wannan yankin duk abin da zan gaya muku ya faru.

Jalo Bafulatanin gida ne, tun kakansa suka rabu da sanda suka kama fartanya. Albasa yake yi da tumatir, da ɗan rake a bakin rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Da abin da ya fito daga nan ake ɗora tukunya a gidansa shekara ta zagayo. Ciwon ciki ya ɗauke shi farat ɗaya, ya bar Asiya da 'ya'ya mata biyu, Raliya da Badi'a. Ko takaba ba ta fita ba, dagacin garin, Mijinyawa, ya aiko mata da ta'aziyya haɗe da saƙo. Wai tun da marigayi bai bar ɗa namiji ba, kuma danginsa na wajen uba sun yi kudu da shanu ba a san inda suke ba, shi zai riƙe fadamar amana har su bayyana. Amana! Kura ce ta naɗa kanta mai ajiyar nama. Da rani ya kama, barorinsa ne a ciki suna dasa albasa, Asiya kuwa tana ƙofar gida tana sayar da ɗanwake.

Ba ita kaɗai ya yi wa ba. Mijinyawa ya daɗe a kan karagar nan har yara sun ɗauka da rawani aka haife shi. Takin gwamnati in ya zo, a rumbunsa yake kwana, sai wanda ya ga dama. Akuyarka ta leƙa gonarsa, ta zama tasa. Ka ɗaga murya, ya aika Gwarzo a ce kai mai ta da zaune tsaye ne, a zo a tafi da kai. Da aka ƙaddamar da Shari'a, Asiya na cikin waɗanda suka yi kukan murna, don malamai sun faɗa ta ji da kunnenta, mace tana da gado, maraya yana da haƙƙi. Ta je kotu. Alƙali ya ce ta kawo shaidu. To, wa zai zo? Wanda ta roƙa ya ce ƙafarsa, wani ya ce surukarsa ba lafiya. Aka yi ta ɗagawa. Ana cikin haka aka ƙara kuɗin mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, zuwa Gwarzo ya zama sai ta zaɓa, ko kotu ko tuwon dare. Ta zaɓi tuwo.

A damunar shekarar da rediyo ba ta da zance sai yaƙin Iraƙi, Bappa Sajo ya tuno wa gari da wani tsohon makami. Bappa Sajo dattijo ne, abokin mahaifin Jalo, mutum mai ƙarancin magana da yawan taunar goro. Kun san al'ada ce kowace damina gari ya yi wa dagaci gayya a gandunsa, noman farko da maimai. Maza su yi noma, mata su je gidan sarauta su yi daka su tuƙa tuwon 'yan gayya. A da da ganga ake yi, amma tun zuwan Shari'a aka ajiye ganga, sai mai shela ya bi unguwa-unguwa. Gandun Mijinyawa kuwa ba abin da barori biyar za su iya ba ne, daga bakin hanya yake har gindin tsauni. Bappa ya ce a zamanin kakan wannan dagacin an taɓa yi. Gari ya ƙi gayya, ciyawa ta cinye gandu, duk mai wucewa kasuwa yana gani yana dariya, har mai gari ya zo masallaci da ƙafarsa, ya cire rawani ya ajiye gaban liman, ya mayar wa kowa abinsa, sannan dattawa suka mayar masa da rawanin.

"Ba zagi, ba jifa, ba ƙone-ƙone," in ji Bappa. "Hannunmu kawai za mu naɗe. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Da mai shela ya zagaya, kowa ya amsa da ladabi, "To, Allah ya kai mu." Da ranar ta zo, wallahi sai ka ce annoba ta faɗo garin. Wannan ciwon baya, wancan ya tafi gaisuwar mutuwa Sabon Birni, wani fartanyarsa na wajen maƙeri. Matan da za su yi daka duk kansu na ciwo. Asiya ta zauna a tsakar gidanta tana tankaɗe garin ɗanwake, tana jin shirun da ya rufe hanyar gandu, tsoro da daɗi sun haɗe mata. Tun rasuwar Jalo ba ta ji ta yi wani abu da kanta ba sai ran nan, alhali ba abin da ta yi sai zama.

Mijinyawa ya yi tsalle ya dire. Ya hana taki gaba ɗaya. Ya sa aka kama samari uku aka tafi da su, suka dawo da sawun bulala. Ya kama bijimin huɗar Bappa ya ɗaure a ƙofar gidansa cikin rana. Ya nemi 'yan ƙwadago daga wasu ƙauyuka, amma labari ya riga shi zuwa, kuma wa zai bar gonarsa a tsakiyar damina ya je ya shiga rigimar da ba tasa ba? Waɗanda suka zo ba su taka kara sun karya ba. Lokacin maimai ya zo, aka sake shela, aka sake cewa Allah ya kai mu. Harkiya da ƙiri-ƙiri suka haye dawar gandu har ba ka gane shuka. Masu motar Kabo in sun zo wucewa sai su rage gudu don fasinja su kalla.

Sai dai shi irin wannan yaƙin a hankali yake ci, yunwa kuwa ba ta san a hankali ba. Malka ta sauka, ruwa ba dare ba rana, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Mai sayen ɗanwake ma ya zama abin nema. Sannan zazzaɓi ya kwantar da Raliya, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Asiya ta sayar da akuyarta ta ƙarshe ta sayi magani, maganin ya ƙare, zazzaɓin bai ƙare ba. In ta fita ɗebo ruwa takan hango fadamar Jalo, masarar barorin dagaci ta yi kore shar a ciki.

A wannan halin ƙanenta Lukuman ya zo daga Kano. Direba ne a gidan wani babban ɗan kasuwa, wanda ba ya kiransa da komai sai Alhaji, kamar duk duniya Alhajin ɗaya ne. Ya zo da burodi da sukari da ɗan kunshin magani, ya tarar da Bappa Sajo a zaure ya zo duba yarinya. Suka gaisa, ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya mai jiki, har gaisuwa ta ƙare. Asiya na daga bakin ƙofa tana ji.

"Bappa, ku gafarce ni, wannan abin da kuke yi wahala ce kawai," in ji Lukuman. "Yaushe ciyawa ta taɓa tsige sarki a wannan zamanin? Ku dubi Iraƙi. Shekara nawa mutanen can suna shan azaba sun kasa komai? Da masu ƙarfi suka zo daga waje, kafin ka ce kwabo an gama."

Bappa ya tauna goronsa ya haɗiye. "Na ji a rediyo sun zo. Kai ka ji sun tafi?"

"Ai baƙo raɓa ne, Bappa."

"Wani baƙon. Wanda ya zo da ƙafarsa ya yi sallama. Wanda ka je ka ɗauko don ya dakar maka ɗan'uwa, shi yake faɗin ranar tafiyarsa." Ya miƙe yana karkaɗe riga. "Mijinyawa ya kusa saduda. Ni na san shi tun yana yawo ba wando. Ku ƙara haƙuri kaɗan."

Da ya fita Lukuman ya matso ya rage murya. "Yaya, haƙurin nan Raliya za ta ci? Alhaji ya san manya. Ya ce in aka sami mai ƙorafi na gaske, maganar ba za ta kwana ba. Kuma a wannan lokaci na Shari'a ba ƙorafin da ya kai cin dukiyar marayu. Ke ce matar mamaci, ga marayu a hannunki. Ki zo ki faɗa da bakinki kawai, fadamarki ta dawo."

"Shi Alhajin mene ne nasa a ciki?"

"Lada mana! Mutumin da ya gina masallatai?"

Asiya ba wawuya ba ce, kada ku ɗauka. Ta san ba a banza kaza ke tono ba. Ta kuma san gari ya yi alkawari ba mai kai magana waje. Amma ta juya ta kalli Raliya kwance a tabarma, leɓɓanta sun bushe, Badi'a na kore mata ƙuda, sai ta ji duk dattawan duniya da karin maganarsu ba su kai mata numfashin yarinyar nan ba. Washegari ta ce wa maƙwabta za ta kai Raliya asibiti, kuma ta kai ta ɗin, Alhaji ne ma ya biya. Daga asibitin Lukuman ya wuce da ita wani gida mai bene, aka shigar da ita falo mai sanyi, ta durƙusa a kan kafet gaban mutane masu manyan riguna. Ta faɗi komai tana kuka, kukan kuma na gaskiya ne. Suka yi ta salati suna girgiza kai. Ɗaya ya ce, "Inna, share hawayenki, kin zo inda za a share miki su."

Ba su yi ƙarya ba wajen sauri. Wata ranar Alhamis da hantsi motoci suka shigo Kwarin Marke a jere, har da ta 'yan sanda. Aka fito da Mijinyawa daga zaurensa ba rawani, kansa fari fat da furfura, ashe ɗan ƙaramin tsoho ne. Aka karanta cewa an sauke shi, aka tafi da shi. Samari suka ɓarke da kabbara, wasu suka fasa rumbunsa suka yi ta jidar taki a ka. Lukuman ya hau bayan mota yana gaya wa duk mai kunne cewa yayarsa ce ta yi wannan aiki. Mata suka rungume ta. Asiya ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗin da ta ji ran nan ba ta taɓa jin irinsa ba. Bappa Sajo kaɗai ya je ya kwance bijiminsa ya ja shi gida.

Wanda aka kawo ya riƙe garin sunansa Badaruddeen. Wai jikan gidan sarautar ne ta wajen wata da aka aurar birni tun da daɗewa, kuma surukin Alhaji ne. Saurayi ne mai fara'a da farin gilashi, bai taɓa kwana a garin ba, ko bayan naɗin ma da yamma yake komawa Kano. Ya tara jama'a ya ce zamanin zalunci ya wuce, ba sauran gayya, ba wanda zai sake yi wa wani noman bauta. Aka yi ta tafi. Ya ce za a mayar wa kowa fadamarsa, amma don kada a sake rikici, masu awo za su zo a nuna musu iyakar kowa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mu a wajenmu iyakar gona ba a takarda take ba. Gamba ake dasawa, kututture nan, kututture can, kuma ba mai sanin wane gamba ne na wa sai masu gonar da maƙwabtansu. Ba a nuna iyaka sai in rigima ta tashi, shi ma sai maƙwabcin dama da na hagu suna tsaye. Mijinyawa kansa, duk ƙwacensa, bai taɓa tumɓuke gamban kowa ba, don ya san ranar da ya yi haka ba shi da sauran wanda zai gaishe shi. Da masu awo suka zo da ƙarafunansu da igiyar awo, aka aika a kira Bappa ya ja gaba. Ya ce a gaya musu ƙafarsa na ciwo.

Asiya ce ta ja gaba. Wa ya fi ta cancanta? Ta ɗaura gyale a ƙugu ta shiga gabansu, tana nuna musu, wannan na Jalo ne, daga nan zuwa can na Malam Uwaisu ne, wancan na gidan maƙera. Sauran mutane da suka ga ta fara, kowa ya shiga nuna nasa, har da gardama don kada a rage masa taku. Da suka zo rijiyar Jalo sai bakinta ya ƙi tsayawa. Ta ce musu duk fadamar nan ba inda ruwa ya kai nan kusa, shekarar fari ma da rijiyoyi suka ƙafe, wannan ba ta ƙafe ba, jijiyar ruwan daga nan ta bi ta yi gabas. Shugaban masu awon ya ce, "Allah, Inna? Nuna mana daidai inda ta bi." Ta nuna musu. Tana alfahari da mijinta ne, baiwar Allah, tana jin kamar yau ne aka san darajar aikinsa.

Aka ce a jira a gama girbi. Aka jira. Bayan kaka, lokacin da ya kamata kowa ya fara yaɗa irin albasa, sai ga tarakta biyu an sauke daga bayan babbar mota. Badaruddeen ya sake tara jama'a, da fara'arsa, ya ce an sami ci gaba. Wannan noman ɗan yanki-ɗan yanki shi ke kawo talauci. Kamfanin Alhaji zai haɗe fadamar wuri ɗaya ya yi noman zamani, kowa kuma za a riƙa ba shi kasonsa in an sayar da amfani, ai shi ya sa aka auna. Kafin mutane su gama tambayar juna me ya ce, taraktocin sun shiga. Asiya na tsaye a kan tudu ta ga garma ta bi ta kan gamban Jalo, ta kife shi, saiwoyi a sama. Zuwa la'asar fadamar ta zama fili ɗaya sumul. Aka kewaye ta da waya mai ƙaya, aka kafa ƙaton injin ban ruwa a kan rijiyar Jalo, aka shimfiɗa bututu ya yi gabas, daidai inda ta nuna.

Ta aika wa Lukuman. Ya zo bai zauna ba, yana ta kallon ƙasa. "Yaya, ni direba ne. In na yi magana aikina zai tafi. Ai sun ce za a ba da kaso." Kason da har yau ba wanda ya ga launinsa.

Dattawa suka taru a gidan Bappa Sajo, suka ce a sake naɗe hannu, kada ɗan garin nan ko ɗaya ya yi wa kamfani aiki. Aka naɗe. Kai, abin tausayi! Ba wanda ya ma lura. Da asuba babbar mota take zuwa cike da 'yan ƙwadago daga nesa, mutanen da yunwa ta koro su ma, su yi dashe, da yamma a kwashe su. Ciyawa kuwa da maganin feshi ake kashe ta, mutum biyu da tanki a baya sun gama abin da gari guda ke yi. Badaruddeen ba ya sallar Juma'a a garin balle a ƙi gaishe shi, ba shi da gandu a bakin hanya balle masu wucewa su yi masa dariya. Wa za ka kunyata? Shi Mijinyawa, duk mugun halinsa, da hannunsu yake ci, da su yake taƙama, in suka juya masa baya sai ya ji sanyi. Wannan kuwa ko garin ya tashi gaba ɗaya, sai dai ya ce an rage masa hayaniya.

Da abin ya ishe ta, Asiya ta yi abin da ba ta taɓa zaton za ta yi ba. Ta je gidan Mijinyawa. An sako shi tuni, yana zaune a zaure a kan buzu, ba fadawa, ba barori, ƙafafunsa sun kumbura. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, bakinta ya suɓuce ta ce, "Ranka ya daɗe."

"Ya riga ya daɗe," ya ce. "Matar Jalo ce? Me kika zo nema wajen wanda kika tsige?"

"Shaida nake so. Ka faɗa a gaban alƙali cewa yankin nan na Jalo ne."

Ya yi wata dariya da ta koma tari. "Na Jalo ne mana. Daga gamban Uwaisu zuwa bakin rijiya, ni na ƙwace, na sani, Allah ma ya sani. Zan faɗa ko a gaban wa. Amma wa zai saurari korarren dagaci a kan masu gidan bene? In ma an saurara, a ce ki nuna wurin, me za ki nuna?" Ya tsura mata ido, idanun nan nasa na mugunta ba su canza ba. "Bari in gaya miki abin da Sajo ya ɓoye miki, don ni ba na tausayinki. Kun riga kun ci ni. Gandu ya lalace, ko matana sun daina haɗa ido da ni. Na aika wa Sajo da liman, muka tsayar da magana, Juma'ar nan zan zo masallaci in ajiye rawani in mayar wa kowa nasa. Ana gobe Juma'ar, ranar Alhamis, baƙinki suka zo."

Ta tashi ta fito. Ƙarya yake, ta ce a ranta, mugu ne, so yake ya ƙona mata zuciya. Ba ta tsaya ko'ina ba sai gidan Bappa. Ta same shi yana ba bijiminsa harawa. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Bappa, don girman Allah, gaskiya ne ya aiko muku?"

Tsohon ya daɗe yana shafa wuyan bijimin. "Yaya jikin Raliya?" ya ce.

"Ta warke. Bappa, gaskiya ne?"

"To, alhamdu lillahi, ta warke. Ki riƙe wannan, 'yar nan. Abin da ya wuce Allah ya riga ya rubuta."

Da ya ce mata ƙarya ne, ko ya zage ta, da ya fi mata sauƙi. Ta koma gida ta shiga ɗaki ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da Jalo.

Naɗe hannun bai yi nisa ba. Rani ya tsananta, ba albasa, ba rake, ba aikin fadama, abin masarufi kullum sai hawa yake. Samari suka fara zamewa Kano da Legas. Waɗanda suka rage suka fara zuwa bakin waya ɗaya bayan ɗaya, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Malam Uwaisu, mai yankin da ke maƙwabtaka da na Jalo, aka gan shi yana ɗaukar kwandon tumatir a ka kamar ɗan dako. Ba wanda ya zarge shi. Asiya ta daure iya daurewa, don tana ganin in kowa ya je, ita bai kamata ta je ba. Amma ranar da ta kankare ƙasan tukunya ta raba wa yaran, ta ce musu ita ta ci a maƙwabta, ta san ta kai iyaka.

Da sassafe ta ɗauki kwanonta ta nufi fadama, lokacin tsinkar tumatir ne, an ce ana ɗaukar mata. A hanya tana ta shirya zuciyarta. Ta ce ko a ina aka sa ta za ta yi, ko da a kan yankin Jalo ne, za ta sunkuya ta tsinka ba za ta yi hawaye a gabansu ba. Ta isa ƙofar wayar. Daga nan tana hango tumatir ja wur har iyakar gani, tana jin injin yana ta bugawa a kan rijiya. Wani mutum mai hular kwano, baƙo, shi ke tsaye a ƙofa yana shigar da mata.

"Sannu da aiki, Malam. An tashi lafiya? Aiki na zo nema."

Ya dube ta sama da ƙasa, ba da wulaƙanci ba, kamar dai yadda ake duban itace a hanya. "Mun cika, Inna. Motarmu ta kawo isassu."

"Ko na rabin yini ne."

"Na ce mun cika. Gwada wani satin."

Ta tsaya. Ba ta yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta, a hankali. "Ni ce matar Jalo."

"Wane Jalo?"

Ta buɗe baki, ta ɗaga hannu za ta nuna masa, hannun ya tsaya a sama yana neman wurin. Ta bayanta babbar mota ta danno ƙaho, ta zo ɗaukar kwanduna.

"Inna, matsa daga hanya mana, mota za ta shiga," in ji mutumin.

Ta matsa.